Rudolf Diesel: Ɗan Makarantar Sana'a Da Sunansa Ya Koma Sunan Mai

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai ya ga famfon da aka rubuta wa dizal, wanda direbobin tirela da masu injin niƙa suka fi sani da gas. Ni kaina sai da na shiga shekara ta biyu a sashen kanikanci kafin na san cewa wannan kalma sunan mutum ce. Mutum ne da aka haifa, ya yi karatu da kyar, ya yi kuɗi, ya tsiyace, sannan ya ɓace a cikin teku. Kuma abin da ya sa na ga ya dace a kawo tarihinsa a mujallarmu shi ne ta hanyar makarantar koyon sana'a ya bi, irin hanyar da wasu ke yi wa kallon ta waɗanda suka rasa gurbi a jami'a.

Akwai dalili na biyu. A garinmu mahaifina yana da injin niƙa. Tun ina ƙarami ƙarar injin nan ce ke tashin mu da safe, da kuɗinsa aka biya mini rajistar difloma. A hutun da ya wuce na tarar da shi a rufe da buhu, ba don ya lalace ba, sai don abin da ake samu a yini ba ya mayar da kuɗin man da ya sha. A bayan gidan kuma gonar gyaɗa ce. Da na karanta tarihin Diesel sai na gane cewa ya taɓa tunanin alaƙar da ke tsakanin wannan inji da waccan gona, fiye da shekara ɗari da suka wuce.

Yaron da yaƙi ya kora

An haifi Rudolf Diesel a birnin Faris ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne 'yan yankin Bavariya da suka je Faransa neman abinci. Mahaifinsa, Theodor, ya koyi ɗinkin littattafai, daga baya ya koma aikin fata, wato dukanci, yana yin jakunkuna da ƙananan kaya a wani ɗan shago. Gidan ba na masu hali ba ne. Rudolf ya taso yana taya mahaifinsa aiki, yana tura kaya a baro zuwa wajen masu saye. Tun a nan ya ga yadda ƙaramin mai sana'a ke shan wuya a gaban manyan masana'antu masu injinan tururi, kuma wannan abu bai bar zuciyarsa ba har ya mutu.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Furusiya, aka ce duk Bajamushe ya bar ƙasar. Iyalin suka tsallaka zuwa Landan ba su da komai. Da mahaifansa suka ga ba za su iya ɗaukar nauyin karatunsa ba, sai suka tura shi birnin Augsburg a Jamus, yana ɗan shekara 12, wajen 'yan uwansu Barbara da mijinta Christoph Barnickel. Shi Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana'a ta garin, a nan aka sa Rudolf. Yana shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa cewa shi injiniya yake so ya zama. A 1873 ya gama a matsayin na ɗaya a ajinsu, ya wuce makarantar masana'antu ta Augsburg wadda ba a daɗe da buɗewa ba.

Bayan shekara biyu ya samu tallafin karatu zuwa kwalejin kimiyya da fasaha ta Munich, wadda a lokacin sunanta ma folitaknik ne, ita ce a yau ta zama jami'ar fasaha ta birnin. Iyayensa ba su so ba. Su dai so suke ya kama aiki ya riƙa aiko da wani abu gida. Da yawanmu mun san wannan magana, an faɗa mana ita a tsakar gida. Rudolf ya karɓi tallafin ya tafi.

Abin da ya ji a lakca

A Munich ya haɗu da malamin da ya juya rayuwarsa, Farfesa Carl von Linde, gwani a fannin injinan sanyi, wanda aikinsa na cikin tushen firjin da muke amfani da shi. A lakcar Linde ne Diesel ya ji lissafin da ya hana shi sukuni: injin tururi, wanda a lokacin shi ke jan jirgin ƙasa da jirgin ruwa da masaƙu, abin da yake mayarwa aiki daga zafin kwal ɗin da ya ƙona bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Sauran duk hayaƙi ne da zafi da ke tafiya a banza. Ka ɗauka ka sayi mudu goma na gero, tara suka zube a hanya. Linde ya kuma koya musu nazarin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda tun 1824 ya nuna a takarda iyakar abin da injin zafi zai iya bayarwa. Diesel ya ƙudurta cewa sai ya ƙera injin da zai matso kusa da wannan iyaka.

Ga masu kari-oba da waɗanda rashin lafiya ta hana zama jarrabawa, ga wani abu: Diesel bai gama tare da 'yan ajinsu ba. Zazzaɓin taifod ya kwantar da shi a 1879. Kafin lokacin wata jarrabawar ya zagayo, sai ya tafi kamfanin 'yan uwa Sulzer a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan, ya yi aikin hannu a gaban injina, kamar dai ai-ti ɗin da muke zuwa. A watan Janairu 1880 ya zauna jarrabawa ya fita da sakamako mafi daraja. Ya koma Faris ya yi aiki a masana'antar ƙanƙara ta malaminsa Linde, bayan shekara guda aka ba shi shugabancinta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. A 1890 aikin Linde ya mayar da shi Berlin.

Injin da ba ya buƙatar filogi

Duk tsawon shekarun nan da rana yana aikin firji, da dare yana zane da lissafin injinsa. Dabarar da ya tsaya a kai mai sauƙin faɗi ce. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san bakin famfon yana ɗaukar zafi. Iska idan aka matse ta, zafi take yi. To, Diesel ya ce a bar fistin ya zuƙo iska zalla cikin silinda, ya matse ta matsi mai tsanani har zafinta ya haura digiri 500, sannan a fesa mai a kai. Man zai kama da wuta da kansa, ba filogi, ba tartsatsi. A injin fetur kuwa ana gauraya iska da mai ne tun farko, shi ya sa ba a iya matse su sosai, don za su fashe kafin lokaci. Yawan matsin nan shi ne sirrin da ya sa injin dizal ke fitar da aiki mai yawa daga mai kaɗan.

Ya nemi takardar mallakar fasaha a 1892, aka ba shi a watan Fabrairu 1893, mai lamba 67207. A shekarar ya fitar da ɗan littafi yana bayanin injin. Masana'antar ƙera injina ta Augsburg, ƙarƙashin Heinrich von Buz, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN da muke ganin sunansa a gaban manyan motoci, ta yarda ta ba shi wuri da ma'aikata. Kamfanin Krupp ya sa kuɗi.

A nan ne labarin ya fi yi mini daɗi, domin injin da ya zana a littafi bai yi aiki ba. Matsin da ya lissafa ya fi ƙarfin ƙarfen zamanin nesa ba kusa ba, kuma yadda ya tsara ƙonewar man, injin ba zai ma iya juya kansa ba. Ranar da aka fara fesa wa injin farko mai, a watan Agusta 1893, ya yi wata irin fashewa da ta tarwatsa na'urar auna matsi da ke jikinsa. Abin ya nuna cewa mai yana kamawa ba tare da tartsatsi ba, amma injin bai tashi ba. Sai a farkon 1894 ya yi gudu da kansa, na kamar minti ɗaya. Diesel ya rage matsin, ya canja yadda ake fesa mai, ya koma amfani da matsattsiyar iska wajen tura man cikin silinda, ya sa ruwa yana sanyaya injin. Shekara huɗu ana kwancewa ana ɗaurawa, shi da makanikan masana'antar.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na Munich ya gwada inji na uku a hukumance. Silinda ɗaya gare shi, tsayinsa ya fi mutum, ƙarfinsa bai kai doki 20 ba, kuma kananzir yake sha. Amma ya mayar da kashi 26 cikin 100 na zafin mansa zuwa aiki, wato ya ninka injin tururi fiye da sau biyu. Babu injin zafi a duniya da ya kai shi a lokacin. Masu suka sun yi ta cewa ai wannan ba shi ne injin da ya rubuta a takardarsa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sai dai ni a ganina wannan ba abin kunya ba ne. Takarda ta nuna masa hanya, wokshop ya gyara masa kuskure, kuma ya yarda a gyara shi.

Gyaɗa a baje kolin Faris

Yanzu ga inda gonar bayan gidanmu ta shigo. Za ka ga ana yaɗawa a intanet cewa Diesel ya ƙera injinsa ne don man gyaɗa. Ba haka ba ne. A farko har garin kwal ya yi tunanin zai ƙona, gwajin bai yi kyau ba, kuma injinan farko da kananzir da ɗanyen mai suka yi aiki. Abin da ya faru shi ne, a babban baje kolin duniya da aka yi a Faris a 1900, inda injin Diesel ya ci babbar lambar yabo, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, ba tare da an canja masa komai ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin tana da ƙasashen da ta mallaka a Afirka inda gyaɗa ke yi sosai, kuma kai musu kwal ko man fetur daga Turai yana da tsada. Mu faɗi gaskiya, ba don son manomin Afirka aka yi ba, lissafin mulkin mallaka ne.

Shi Diesel ya riƙe maganar. A jawaban da ya yi a 1912 ya ba da labarin wannan gwaji, ya ce an gwada man zurma da kitsen dabbobi ma, ya kuma nuna cewa ko da man tsirrai bai da wani muhimmanci a lokacin, wata rana zai iya yin daraja kamar man da ake haƙowa, kuma ƙasashen da ke noma za su iya samar da wutarsu daga gonakinsu. Abin lura, a daidai wannan lokaci ne layin dogo ya iso Kano, a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗa da sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita. Gyaɗar ta tafi Turai a buhu, mu kuma daga baya muka riƙa sayen injin da mansa.

'Yan sashen kimiyyar ɗakin gwaji da na noma, wannan ɓangaren naku ne. Me ya sa man gyaɗa ke tada inji? Ganyen gyaɗa yana karɓar hasken rana, ya haɗa ruwa da iskar kabon da ke sararin sama ya yi sukari, shukar kuma ta mayar da wani kaso ta adana shi a matsayin mai a cikin ƙwaya. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne. Wato hasken ranar damina ɗaya ne aka tara a kwalba. Man fetur da dizal ma daga halittu suke, ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka nutse miliyoyin shekaru da suka wuce. Bambancin shi ne iskar kabon da man gyaɗa ke fitarwa idan ya ƙone, bara shukar ta zuƙe ta, baɗi wata za ta sake zuƙa. Ga kuma ƙari: a saiwar gyaɗa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle da wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune a ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna ba shukar. Shi ya sa tsofaffinmu ke cewa gonar da aka yi gyaɗa tana yi wa dawa kyau.

Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗura man ƙuli a janareton makaranta. Man tsirrai ya fi dizal kauri kamar sau goma. Injinan Diesel na farko manya ne masu juyawa a hankali, kuma iska ce ke fesa musu mai, shi ya sa suka iya da shi. Injin yau nozul ɗinsa ƙananan ƙofofi gare shi, mai mai kauri ba ya feshuwa da kyau, sai ya bar baƙin dasashi ya toshe su. Maganin wannan bai zo ba sai bayan mutuwar Diesel. A 1937 wani masani ɗan Beljiyam, Chavanne, ya samu takardar mallakar hanyar sarrafa manja da sinadarin etanol, a 1938 kuma wata bas ta yi jigila tsakanin Brussels da Leuven da wannan mai. Hanyar da aka fi bi yau ita ce a ɗumama man zuwa kamar digiri 60, a zuba masa metanol da 'yar soda, a juya. Sai ya rabu biyu: a sama siririn mai da ake kira bayodizal, a ƙasa gilisarin, wanda ake sabulu da man shafawa da shi. A lissafi, kilo 100 na mai da kilo 10 na metanol suna ba da kusan kilo 100 na bayodizal da kilo 10 na gilisarin. Metanol guba ne, yana makantarwa, don haka wannan aikin ɗakin gwaji ne a gaban malami, ba na ɗakin kwanan ɗalibai ba.

Kuɗi sun zo, kuɗi sun tafi

Bayan nasarar 1897 kamfanoni suka yi layi. Adolphus Busch, attajiri a Amurka, ya biya mak miliyan ɗaya don samun izinin ƙera injin a can. Kafin Diesel ya cika shekara 40 ya zama miloniya, ya gina katafaren gida a Munich. Sai dai an yi gaggawar kai injin kasuwa. Na farkon da aka sayar suka riƙa lalacewa ana dawo da su, ga shari'o'i kan mallakar fasaha, ga ciwon kai mai tsanani da ya daɗe yana fama da shi. Har sai da aka kwantar da shi don ya huta. Kuɗin kuma ya zuba su a cinikin filaye da harkar rijiyoyin mai da ba su yi riba ba. Gwani ne a lissafin zafi da matsi, amma a lissafin kasuwa an ci shi.

Burinsa na taimakon ƙananan masu sana'a ma bai cika a idonsa ba. A 1903 ya wallafa littafi mai suna Solidarismus, inda ya kawo shawarar ma'aikata su riƙa tara ɗan kuɗi kaɗan-kaɗan su mallaki masana'antu da kansu, kusan kamar adashe ko ƙungiyar gama kai. Littafin bai samu masu saye ba. Injin nasa kuwa, saboda girma da tsada, manyan masana'antu da jiragen ruwa ne suka amfana da shi. A 1912 jirgin Selandia na ƙasar Denmak ya fara ratsa manyan tekuna da injin dizal, sojojin ruwa na Turai kuma suka sa shi a jiragen yaƙi masu nutso.

Ranar 29 ga Satumba, 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp zuwa Harwich a Ingila, zai halarci taron wani kamfanin injinansa. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, wajen ƙarfe goma ya ce zai kwanta, ya bar saƙon a tashe shi da sassafe. Da gari ya waye ba a gan shi ba. Gadonsa ba a kwanta a kai ba, an tarar da hularsa da kwat ɗinsa a ninke a gefen jirgin. Bayan kwana goma wani ƙaramin jirgin Holan ya tsinci gawa a teku, ma'aikatan suka cire 'yan kayan da ke aljihunta suka mayar da ita ruwa, ɗansa Eugen ya shaida kayan na mahaifinsa ne. Matarsa ta buɗe wata jaka da ya bar mata ta tarar da mak 20,000 da takardun da ke nuna asusunsu ya ƙare. An yi ta zargin kisa saboda yaƙin duniya na farko yana ƙaratowa, amma yawancin marubuta tarihinsa sun fi karkata ga cewa shi ya jefa kansa. Yana da shekara 55.

Bai ga motar dizal ko ɗaya a kan titi ba. Manyan motocin ɗaukar kaya masu injinsa sun fito ne a shekarun 1920, bayan an samu famfon fesa mai ƙarami, wanda kamfanin Bosch ya fara ƙerawa da yawa a 1927. Ƙaramar motar Mercedes-Benz 260 D ta biyo baya a 1936. Ƙananan injinan niƙa da na ban ruwa da ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi fata, sai bayan ransa suka iso ƙauyuka irin namu.

Abin da ya rage mana

Ba na cewa injin dizal ba shi da aibi. Hayaƙinsa yana cutar da huhu, a 2012 ma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Ba na kuma cewa mu ƙona gyaɗar da za mu ci. Man gyaɗa a kasuwa ba shi da arha, kuma ƙasar da ake fama da tsadar abinci ba za ta zuba abin miya a tanki ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 ake ta maganar mayar da motoci su koma amfani da iskar gas, da kekuna masu batir, kuma duk suna da wurinsu. Amma injin niƙan da ke ƙauyen da babu tashar gas, babu wutar lantarki, shi fa?

Muna da bini-da-zugu da ake shinge da shi, 'ya'yansa cike da mai kuma ba a cin su. Muna da 'ya'yan darbejiya da ke zuba a harabar makarantar nan ana sharewa. Muna da man da masu ƙosai da awara suka soya har ya yi baƙi. Ɗan kanikanci shi kaɗai ba zai iya mayar da su man inji ba, don bai san sinadari ba. Ɗan ɗakin gwaji zai iya haɗa man, amma bai san abin da zai yi wa nozul bayan awa ɗari ba. Ɗan sashen noma ne ya san wace shuka za ta yi a wace ƙasa ba tare da ta ci gonar hatsi ba. Dukkanmu muna cikin katanga ɗaya, muna cin abinci a wuri ɗaya, amma kowa furojet ɗinsa daban, wasu ma kwafo na bara suke yi a canja bango.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai da shugabannin sassa ita ce a ba da dama ɗalibai daga sassa biyu ko uku su haɗu a kan furojet ɗaya, a kuma ware tsohon inji guda a wokshop don irin wannan gwaji. Mu 'yan ajin ƙarshe lokaci ya ƙure mana, saura 'yan watanni mu ajiye biro. Ƙannenmu da ke shekarar farko, ku kuna da lokaci. Idan kun tashi gwadawa kuna neman inji, akwai guda a garinmu a rufe da buhu, na san Baba ba zai hana ba.